Faifan Samfefa Mai Tsada Ko Mai Araha? Shawarwari Ga Magidanta Da Masu Sana'a A Gwarzo Da Kabo

Da zarar gero da dawa sun shiga rumbu, masara da waken suya sun fita kasuwa, sai lokacin biki ya kama. A Gwarzo da Getso da Kutama da Lakwaya, haka a Kabo da Garo da Gude da Durun, wannan ne lokacin da kafinta ba ya samun barcin rana. Uban amarya na jiran gado da wadurof da madubi, mai sabon gini na jiran ƙofofi, mai walda na fama da get da tagogi. Duk waɗannan, kafin fenti ko banish ya hau kansu, sai samfefa ta bi ta jikinsu.

A da, takardar ake yagowa a naɗe a guntun katako, a yi ta guga da hannu har kafaɗa ta gaji. Yanzu inji ya shigo rumfuna da yawa, samfefar kuma ta koma faifai da ake manna masa. Sai ka je shago a ɗauko maka iri biyu, girmansu ɗaya, lambarsu ɗaya, amma kuɗin wannan ya ninka na wancan sau uku ko huɗu. Dole ka tsaya ka tambayi kanka: ƙarin kuɗin nan aiki zan saya da shi, ko suna kawai?

Ga amsata tun daga farko. Faifai mai tsada yana mayar da kuɗinsa idan aikin na da yawa, abin gugar na da tauri, injin kuma lafiyayye ne. In babu waɗannan, matsakaici ya wadatar. Wanda kuwa ba shi da suna ba shi da lamba, araharsa ce kawai abin tallarsa, shi ne ya fi kowane cin kuɗi. Shawarwarin da ke tafe za su nuna dalili.

1. Fara auna yawan aikin da ke gabanka

Magidancin da zai gyara ƙofar ɗaki ɗaya, ko bencin zaure, ko kujera 'yar tsugunno ta uwargida, ko allon karatun yaro, ba ya bukatar inji, balle faifai mai tsada. Ya sayi falle biyu ko uku na samfefar hannu, mai kaushi da matsakaiciya da mai laushi, ya naɗe a guntun katako mai faɗin tafin hannu. A yini ɗaya zai gama, kuɗin kuma bai taka kara ya karya ba. Maganar tsada da araha ta fi shafar wanda injinsa ke tashi kusan kullum, ko magidancin da ya ɗauko babban aiki, kamar ƙofofin gida guda ko sabunta kayan ɗaki gaba ɗaya.

2. Yi lissafi da ƙofar da aka gama

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kwatanta kuɗin faifai da kuɗin faifai. Abin da ya kamata a kwatanta shi ne nawa kowane iri ya ci kafin aiki ya fita.

A ce kana da ƙofofi 10. Faifai mai araha naira 200 ne, amma kowace ƙofa tana cinye biyu: faifai 20 ke nan, naira 4,000. Ɗayan kuma naira 700 ne, amma guda yana gama ƙofa biyu: faifai 5, naira 3,500. Ka ga mai tsadar ya koma mai araha. In kuwa ƙofa ɗaya kawai yake iya yi, kuɗinsa ya tashi naira 7,000, kuma dole a sake tunani. Waɗannan alƙaluma misali ne, ka sa farashin da ka tarar a kasuwa ka buga naka.

Amma lissafin bai ƙare a nan ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kowane minti da janareta ya yi yana kuka kuɗi ne ke ƙonewa. Faifan da ya dakushe yana sa aikin minti 10 ya zama na minti 25, ga tsayawa a ɓare wannan a manna wancan alhali janareta na ci gaba da shan mai. A ranar da aka kawo wuta kuwa, wanda faifansa ke ci da sauri shi ne zai gama kafin a ɗauke. Don haka ka haɗa uku: kuɗin faifai, kuɗin mai, da lokacinka.

3. San tsakuwar da aka barbaɗa a kan faifan

Sunan samfefa daga Turanci ya zo, yana nufin takardar yashi, amma an daɗe da daina sa mata yashi. Abin da ke kanta yau tsakuwa ce da ake haɗawa a masana'anta, kuma ita ce babban dalilin bambancin farashi. Iri huɗu ne suka fi yawo a kasuwa.

Na farko aluminiyam oksaid, wanda galibi launinsa ruwan ƙasa ne ko ja-ja. Shi ne na yau da kullum, yana yin katako yana yin ƙarfe, kuma kuɗinsa da sauƙi. Na biyu silikon kabaid, baƙi mai ƙyalli, wanda wani Ba'amurke mai suna Edward Acheson ya gano haɗa shi a 1891. Yana da kaifi ƙwarai amma saurin karyewa gare shi, shi ya sa masu fentin mota suka fi amfani da shi da ruwa, a kan fenti da fila. Na uku zakoniya, galibi shuɗi, mai juriyar zafi da dannawa, abokin mai walda. Na huɗu siramik, wanda ya fi su tsada. Sirrinsa shi ne tsakuwar ba ta mulmulewa idan ta ci aiki, ɓantarewa take yi kaɗan-kaɗan, sabon baki mai kaifi ya fito. A 2009 kamfanin 3M na Amurka ya fito da nau'in da ya kira Cubitron II, wanda kowace ƙwayarsa aka ƙera ta da kusurwa uku don ta riƙa yanka maimakon kankara.

Ka lura da abu ɗaya: launi rini ne, kowa na iya rina nasa. Shuɗin faifai ba shaida ba ce cewa zakoniya ne. Karanta abin da aka buga a bayansa ko a jikin kwalin.

4. Karanta lamba, kuma kada ka tsallake mataki

A bayan faifai za ka ga lamba: 40, 60, 80, 120, 180, 220, har sama. Ka ɗauke ta kamar rariyar tankaɗe: iya girman lamba, iya laushin tsakuwa. Idan da harafin P a gabanta, an tace tsakuwar bisa ma'aunin ƙungiyar FEPA ta masu ƙera kayan guga na Turai. A wannan ma'auni, ƙwayar P80 kusan kashi ɗaya cikin biyar na milimita ce, ta P120 kuma kashi ɗaya cikin takwas.

Lamba 40 da 60 na cire tudu ne da shatin zarto da tsatsa mai kauri. Lamba 80 ita ce mafarin yawancin katakon da ya bi ta injin fira. Daga nan 120, sannan 180, in ana son sumul ƙwarai a ƙare da 220. Tsakanin shafin banish na farko da na biyu, a bi da 320 da hannu, a hankali.

Aikin kowace lamba shi ne share karcen wadda ta gabace ta. Wanda ya tashi daga 60 ya dira a 220 zai kashe faifai uku masu laushi yana neman share ramin da 120 za ta share cikin minti biyu, sannan ya ce faifan ba shi da kyau. Faifai uku matsakaita da aka bi da su daki-daki sun fi guda ɗaya mai tsada da aka ɗora wa aikin da ba nasa ba.

5. Zuba kuɗinka inda aiki ya fi tauri

Ba kowane mataki ne ya cancanci mai tsada ba. Ƙarfe shi ne wurin da bambancin ya fi fitowa fili. Mai walda da ke share ƙullin walda a jikin get ko ƙofar ƙarfe, idan ya gwada zakoniya ko siramik na gaske sau ɗaya, da wuya ya koma. Suna ci da sauri, ba sa ƙona ƙarfen ya yi shuɗi, kuma suna daɗewa. Haka katako mai tauri irin maɗaci da iroko da kirya: a matakin 60 da 80, inda ake cin nama da yawa, mai tsada yana biyan kansa.

Katako mai taushi irin malaina da afara kuwa, aluminiyam oksaid mai kyau ya ishe shi. Siramik na son a danna shi kafin tsakuwarsa ta ɓantare ta sabunta, ƙaramin inji a kan katako mai taushi ba ya ba shi wannan, sai ka biya kuɗin abin da ba ka mora ba.

A matakin ƙarshe, 180 ko 220, abin nema shi ne daidaiton tsakuwa. Faifan banza yakan zo da 'yan ƙwayoyi manya a cikin ƙanana, su bar zane mai kama da wutsiyar alade a fuskar katako. Ido ba ya ganinsa sai an shafa banish, a lokacin kuma gyaransa sai an kankare komai an sake. A nan ba sai ka sayi mafi tsada ba, amma lalle ka sayi na kamfanin da aka sani.

Sai filawud. Fatar da ke samansa ba ta kai milimita ɗaya ba, faifai mai ci zai huda ta cikin ƙiftawar ido. Fara da 150 ko 180, da hannu mai sauƙi. Allunan MDF da HDF masu rufin roba a fuska kuwa ba a gugar fuskarsu sam, bakin da aka yanka kawai ake bi.

6. Kada ka kai faifai mai tsada kan tsohon fenti

Akwai mutuwar faifai iri biyu: dakushewa da toshewa. Tsohon fenti da banish da gam da ƙaron itace, idan suka ji zafin guga narkewa suke yi su cike tsakanin tsakuwa. Faifan na nan da kaifinsa amma ya daina ci. Wannan kuwa ba ya tambayar nawa aka saye shi.

Don haka in za ka sabunta tsohuwar ƙofa ko gado, fara kankare fentin da wuƙar kankara ko guntun ƙarfe mai faɗin baki, har sai katako ya fara leƙowa. Sannan ka bi da faifai mai sauƙin kuɗi, lamba 60 ko 80, wanda ba za ka ji ciwon jefar da shi ba. In aikin fenti da fila ne sana'arka, nemi nau'in da aka barbaɗa tsakuwarsa da tazara, aka kuma shafa masa wani farin sinadari mai santsi kamar sabulu, wanda ke hana gari maƙalewa. Wannan ne ƙarin kuɗin da ke da amfani a kan fenti.

7. A kan giranda, araha na iya cin ido

Rumfuna da yawa a yankinmu ba su da injin samfefa na musamman, giranda ce ke yin komai: yankan ƙarfe, share walda, har gugar katako. Ya kamata a san bambancinsu. Injin samfefa mai karkarwa yana juyawa ne a 'yar ƙaramar da'ira ta milimita kaɗan, shi ya sa ba ya barin rami. Ƙaramar giranda kuwa tana juyi wajen 11,000 a minti ɗaya. A kan katako tana ƙona shi, ta bar kwari da tudu, ta narkar da gam ɗin faifai, ko wane iri ne.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne lafiyar jiki. Kowane faifan giranda na gaske an buga masa iyakar gudun da zai iya ɗauka. Na milimita 115 yakan ɗauki kimanin juyi 13,300, na milimita 230 kuwa wajen 6,600 kawai. Wanda ya cire murfin kariya ya ɗaura babban faifai a ƙaramar giranda ya kai shi kusan ninkin abin da aka yi shi domin sa, in ya tarwatse kuwa fuska da wuya ne a gabansa. Faifan yanka da na share walda suna da wa'adi, galibi shekara uku daga ranar ƙira, ana buga shi a zoben ƙarfen da ke tsakiya. Wanda ba shi da lambar gudu, ko wa'adinsa ya wuce, ko bakinsa ya ɓantare, bar wa mai shago kayansa ko kyauta ya ba ka. Kada a manna faifan injin samfefa a giranda, kada kuma a ɗaura mata zarton katako. Tabarau na kariya dole ne, ga maigida da yaran shago baki ɗaya.

8. Duba bayan faifan, da tafin injin

Sau da yawa tsakuwa ba ta mutu ba, bayan ne ya gaza. Takardar ta yage a gefe, ko faifan ya ɓalle ya yi sama ana tsakiyar aiki. Ana auna kaurin takardar da haruffa daga A zuwa F, A ce mafi sirantaka. Akwai kuma mai bayan ƙyalle da mai bayan leda mai ƙarfi, waɗanda suka fi jure gefe da kusurwa.

Mannin da ke riƙe faifai a jikin inji, irin na takalmin yara da ake ɓarewa ya yi ƙara, asalinsa daga daji yake. Wani injiniya ɗan Suwizalan, George de Mestral, ya lura a 1941 da yadda ƙayar wata ciyawa ke maƙale wa tufafinsa da gashin karensa, sai ya kwaikwayi ƙugiyoyinta. Duk wanda ƙarangiya ta taɓa kama wa wando a gona ya san yadda abin yake. Waɗannan ƙugiyoyi na tafin injin roba ne, zafi na narkar da su, tsufa na kwantar da su. Idan faifai ya fara tashi, kafin ka zargi mai shago, shafa tafin ka ji. In ya yi sumul, sauya shi, don ko faifan da ya fi kowane tsada ba zai zauna a kai ba.

Duba ramuka kuma. Faifan milimita 125 galibi rami 8 gare shi, kuma dole su hau kan na injin don gari ya samu hanyar fita. Garin da ya rasa mafita shi ke toshe faifai. Akwai nau'in da gaba ɗayansa raga ne, irin Abranet na kamfanin Mirka na ƙasar Finlan. Yana da kyau ƙwarai, amma amfaninsa na fitowa ne idan an haɗa injin da na'urar zuƙe ƙura. In ba ka da ita, rabin kuɗin da ka biya ya tafi a banza.

9. Sassauta hannu

Yaran shago da yawa sun ɗauka dannawa ce ke sa inji ci. A injin katako, dannawa zafi take kawowa, zafi ya lalata gam, ya narkar da manni, ya rage gudun injin. Nauyin injin da na tafin hannu ya isa. A tafi da shi a hankali, kamar faɗin yatsu biyu a daƙiƙa ɗaya, a kwance, ba a karkace a kan gefe ba.

Ga dabara mai sauƙi: ka zazzana fensir a fuskar katakon kafin ka fara. Da zanen ya ɓace ko'ina, wannan lamba ta gama aikinta, sai ka share garin ka hau ta gaba. Wannan na hana guga fiye da kima. In faifai ya fara toshewa, tsaya ka kaɗe shi, ka bi shi da tsohon buroshi. Wanda inji ya gama da shi kuma kada a yar: a ninke shi biyu a yi gefuna da lunguna da shi da hannu, ko a cire tsatsar fartanya da lauje da wuƙar kicin.

10. Ajiye shi kamar yadda ake ajiye iri

Yanayinmu ba ya raga wa samfefa. A hunturu iska na bushewa ƙarau, takardar ta ƙanƙance, faifan ya lanƙwashe ya ƙi kwanciya a tafin inji. A damina laima ta shige shi, ya yi laushi, tsakuwa ta riƙa zuba. Zafin kwano a bazara kuma na gasa gam ɗin. Kwali guda na mai tsada da aka bari a buɗe a kan benci zai iya lalacewa kafin a ci rabinsa.

Nemi bokitin fenti mai murfi ko akwatin ƙarfe. Jera faifan a kwance, kowace lamba a ledarta, ka ɗora guntun katako a kai, ka ɗaga shi daga ƙasa, nesa da rana da yoyon rufi.

11. Gwada kafin ka sayi kwali, ku kuma haɗa kuɗi

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Sayi guda biyu na kowane iri, lamba ɗaya. Ɗauki katako ɗaya ka raba shi biyu da layi, ka zane kowane ɓangare da fensir, ka duba agogon wayarka. Wanne ya riga share zanen? Bayan minti 10 na aiki, wanne ke ci har yanzu? Shafa yatsa: wanne ya zubar da tsakuwa? Rubuta abin da ka gani a littafin shago. Gwajin yini ɗaya zai yi maka jagora shekara guda.

Tun a shago ma akwai abin dubawa. Lanƙwasa faifan kaɗan: in tsakuwa ta zubo a tafinka, ko ya tsage, ajiye shi. Duba bayansa ko an buga suna da lamba a fili. Sunan babban kamfani a farashin da ya yi ƙasa ƙwarai alama ce ta jabu, kuma jabun mai tsada ya fi matsakaici na gaskiya sharri, don ka biya ƙarin kuɗi ka tafi da rariya.

Daga Gwarzo zuwa birnin Kano tafiyar kusan kilomita 70 ce, ta Rimin Gado a shiga ta Kabuga. Ba a yin wannan tafiya don faifai biyar. Amma idan kafintoci uku ko huɗu na gari ɗaya suka haɗa kuɗi, wanda zai je sayen katako a 'Yan Katako ta Na'ibawa ya biya ta Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari ya ɗauko kwali mai 50 ko 100, a raba. Sarin kwali na sauko da farashin mai kyau har ya kusanci na mai arahar da ake saya ɗaiɗai. Riƙe mai shago ɗaya da ka yarda da amanarsa, ka riƙa gaya masa gaskiyar yadda kayansa suka yi.

12. Ƙurar ba ta san mai tsada ba

Faifan da ya fi ci shi ya fi tayar da gari, garin kuma huhu yake nufa. A 1995 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke birnin Liyon a Faransa, ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara, musamman ta cikin hanci. Tana kuma tayar da asma da tari. Garin MDF ya fi laushi, ga gam a cikinsa. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare mai laushin, a nemi takunkumi mai lamba N95 ko FFP2.

Tsohon fenti kuma na iya ƙunsar dalma. Ba mu manta da abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400. A can dutsen zinare ne aka riƙa niƙawa a cikin gidaje, amma darasin ɗaya ne: ƙurar da babba ya ɗauka ba komai ba ce tana iya halaka ƙaramin yaro mai rarrafe yana kai hannu baki. Kada a goge tsohon fenti a tsakar gida, kusa da madafa ko randa ko inda ake shanya hatsi. A fitar da aikin waje, a nisanta yara da masu juna biyu, a yayyafa ruwa kafin shara, mai aikin ya sauya riga ya wanke hannu kafin ya ɗauki ɗansa. In kuɗinka ba zai kai ga faifai mai tsada da takunkumi a tare ba, sayi matsakaici ka haɗa da takunkumin.

13. Ga wanda ya ba da aikin kayan ɗaki

Alhaji uban amarya, da Hajiya da za ta je ganin kaya, wannan taku ce. Ba sai kun san siramik ko zakoniya ba, amma kuna iya gane aikin da aka goge da kyau. Ku je rumfar kafin a yi feshi, don fenti na rufe aibi na ɗan lokaci. Ku shafa tafin hannu a fuskar katako da gefuna da cikin durowa. Ku kunna tocilan ɗin waya ku kwantar da haskensa a jikin katakon: duk wani zane ko kwari zai fito da inuwarsa. Ku tambayi kafinta cikin mutunci: “Malam, da wace lamba ka ƙare?” Wanda ya san aikinsa zai ji daɗin tambayar.

Ku kuma yi masa adalci a ciniki. Idan aka matse kafinta har ribarsa ta ƙare, wurin da ba a gani zai rage, guga kuwa ita ce ta farko. Ku ba shi aikin da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin faifai mai kyau a cikin kuɗin gado da wadurof ɗan kaɗan ne, amma shi ke sa banish ya kwanta ya daɗe, ƙofar wadurof ba ta ja zaren mayafi ba, gefen gado bai soki hannun jariri ba.

Kai kuma malam kafinta, da kai mai walda, ba wanda zai ga faifan da ka yi aiki da shi. An riga an jefar da shi kafin motar kaya ta iso. Abin da ya bari a jikin katako da ƙarfe shi za a gani, ranar jere da shekaru bayanta, duk lokacin da wata baƙuwa ta shafa gadon ta tambayi wanda ya yi shi. Sayi mai tsada inda zai yi maka aiki, sayi matsakaici inda ya wadatar, ka bar wanda ba shi da suna a inda ka gan shi. Allah Ya sa albarka a sana'a, Ya kare ido da huhu.